Buntun da Gwaggo Take Binnewa

Da, a Malanbil, ido ne alƙalin ruwa. Idan Kwara ta kawo jan ruwa da damina, mata su ɗebo su ajiye a randa, laka ta kwanta, a sha. Idan baƙin ruwa ya iso da sanyi, wanda ya taso daga ƙasashe masu nisa ya zubar da lakarsa a hanya, sai a ce an samu na sha ba wahala. Abin da ido ya gani shi ne dauɗa, abin da bai gani ba babu shi. Yau kuwa a unguwarmu ta bakin gada, ko ruwa ya yi garau kamar madubi sai an tambayi inda aka ɗebo shi da abin da ake yi kusa da wurin. Tsakanin wancan zamani da wannan akwai gada, akwai 'yancin kai, akwai sojojin da suka yi ta karɓar mulki har ƙasar ta canja suna. Akwai kuma Gwaggo, yayar mahaifina, wadda muka kai makwancinta ranar Alhamis, gari yana shirin kasuwa. Na Allah muke, wurinsa za mu koma, ita ta riga mu.

Na zauna zaman makoki a Kumasi, inda ake kaɗe-kaɗe da jan zane. Na zauna a Agadas, inda maza suke rufe fuska su yi shiru kamar duwatsu. Ban taɓa ganin makokin da masu gaisuwa suke neman ruwa kafin su nemi masu gida ba sai wannan. Matan Gaya ta Nijar suka ƙetaro gada da ƙafa, suka wuce mu a zaure da gajeriyar sallama, suka nufi randar da ke ƙofar ɗakinta. Kowacce ta karɓi moɗa daga hannun jikar Gwaggo, ta kurɓa, sannan ta zauna ta fara kuka. Sarkawa masunta suka zo da warin kifi a rigunansu, su ma suka ce a miƙo musu. Wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, mutumin kudu da ko fatiha bai iya ba, ya riƙe moɗar da hannu biyu ya daɗe bai sha ba.

Wata tsohuwa daga Madekali ta sauke buhu a tsakar gida. Muka zaci hatsin sadaka ne. Da aka kwance sai ga buntun shinkafa, ɓawon da ake zubarwa bayan an sussuka. Baƙin da suka zo daga nesa suka dubi juna, wani saurayi ya danne dariya. Tsohuwar ba ta kula shi ba. Ta ce da jikar, "Ki ƙona shi yadda ta koya miki, kar ki bari shi zama toka." Domin wannan saurayin da irinsa nake wannan rubutu.

Gwaggo doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana da jinkirin amsa kamar wadda take sauraren wani abu a bayan muryarka. Da Dendanci take faɗa, da Hausa take ciniki, da Zabarmanci take yi wa agwaginta magana, don ta ce daga ƙetaren kogi aka kawo kakarsu. Tun ina yaro na san ta da tukwane biyu a ƙofar ɗaki, ɗaya bisa ɗaya. Ta sama mai huda ce a gindi, irin wadda mata suke tsiyayar ruwan toka da ita. A ciki tana shimfiɗa tsumma, ta zuba yashi, ta cika da buntun da ta ƙona. Ta ƙasa randa ce mai karɓar abin da ya ɗigo.

Ƙona buntun shi ne aikinta mafi soyuwa gare ta. Takan tara shi tsibi a bayan gida, ta sa garwashi a tsakiya, ta rufe da ƙasa mai damshi, ta bar wuta tana ci a ɓoye. Hayaƙin ba ya tashi sama, kwanciya yake bisa fadama kamar farin mayafi, shanun Fulani su ratsa shi ƙafafunsu ba a gani. Idan ya yi baƙi ƙirin, kowane ɓawo da siffarsa, sai ta kashe shi da ruwa ta wanke har santsin ya fita. Ba ta ce magani ba ne. Ta ce kawai ruwan ya fi daɗi, kuma haka ta ga uwarta tana yi. A Legas na ga ana jefa alif a ruwa, a hanyar Makka na ga matan Sudan suna daka 'ya'yan zogale su zuba. Duk don laka ne. Ita ma a lokacin don laka take yi.

Har yau idan zafin azahar ya kwantar da gari, nakan ji ɗigon nan a kunnena ko ina wace ƙasa. Ɗis, sai shiru mai tsawo, sai ɗis. A ƙarƙashinsa muka yi barcin rana muna yara, ni da ɗanta na fari.

Wannan ɗan nata taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna tsirara nake kiransa bawana, shi kuma yana cewa bai taɓa ganin ubangida mai yawo da jaka ɗaya ba. Tsakaninmu babu maganar da ba wasa ba. Tsakaninsa da uwarsa kuwa babu magana sam. Ɗan fari ne, Gwaggo kuma ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. Idan tana son ya gyara danga sai ta ce da bango, "A gaya wa wancan danga ta faɗi," shi kuma yana tsaye a wurin ya ce da matarsa, "Ki ce da Inna an ji." Har wata maƙwabciya mai ɗa sunansa ɗaya da nasa ta sha wahala, don Gwaggo ba ta taɓa kiran yaron da komai ba sai Mai-kunnuwa.

Shekarun da manyan motoci suka yawaita a hanyar Paraku, lokacin mulkin soja da ake kiran kowa kamarad har liman, kamyo na ɗaukar kaya kan yi layi daga duwan har bayan gari suna jiran ƙetarawa Nijar. Inda mota ta kwana, nan take barin tsohon batir. Taubashina ya gane cewa a cikin kowane batir akwai dalma, kuma kowane birgi, ragar da masunci yake jefawa, yana bukatar dalma a bakinsa don ya nutse. Ya haƙa rami a bayan gida, ya kafa zuga-zugi. Yakan fasa batir da gatari, ya tuttular da ruwan cikinsa a ƙasa, ya narka dalmar a tsohuwar tukunyar ƙarfe, ya zuba a ramukan da ya yi a yumɓu. Sarkawa daga gaɓa biyu suka san gidan. Ya yi rufin kwano, ya kuma haƙa wa gida rijiya, taku kaɗan daga ramin aikinsa, don matarsa ta huta da zuwa kogi.

Ruwan rijiyar nan abin kallo ne. Kana ganin ƙasan guga. Har wani ɗan zaƙi-zaƙi gare shi. Duk gidan suka koma shansa kai tsaye, suna yi wa Gwaggo dariya da take zuba ruwa mai haske cikin baƙin gawayi. Surukarta ta ce, cikin ladabi, ai wannan ruwan ba shi da abin tacewa. Gwaggo ta ce ita bakinta ya saba, a bar ta da tukwanenta.

A shekara ta biyu ko ta uku, ɗan taubashina namiji ya fara ciwon ciki, ya daina wasa, wata rana ya sanƙare ya tafi. Aka ce mutanen ruwa ne, don an gan shi yana jifa a bakin kogi da almuru. Aka yi sadaka, aka yi haƙuri. Ina Abijan a lokacin, labari ya same ni a bakin wani direba.

Da na dawo, ƙanwar mamacin ta isa yaye, an kai ta ɗakin kakarta kamar yadda ake yi. Wata da watanni tana can, tana cin tuwon Gwaggo tana shan ruwan randarta. Yarinya ce mai surutu kamar kanari. Ita ce ta fara kirana Baba Jaka, sunan ya bi ni. Da yaye ya kammala aka mayar da ita sashen uwarta. Kafin baƙin ruwa ya janye, yarinyar ta fara riƙe ciki. Ta daina cin abinci. Abin da ya fi tsorata mu, kalmominta suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kwashe su da dare a kai wani wuri. Na shigo ta dube ni, bakinta ya motsa, Baba Jaka bai fito ba.

A kwanakin nan ne agwagin Gwaggo suka fara mutuwa. Gidanmu ba a zubar da komai. Idan buntu ya daɗe a tukunya ta canja shi, takan watsa tsohon a bayan ɗakinta, agwagi su yi ta cakuɗa shi da baki suna neman abin ci. Shekara da shekaru haka ake yi, suna ƙiba. Yanzu sai ga su suna jan fiffike a ƙasa, wuya ya langaɓe, suna tafiya kamar masu maye. Na tarar da ita tsugune a kansu da hantsi, tana juya baƙin buntun da tsinke. Ta daɗe. Sannan ta ce da ni, ba tare da ta ɗago ba, buntun bai canja ba, agwagin ba su canja ba, ruwan da take zubawa ne ya canja tun da ƙafafunta suka gaza zuwa kogi. Ta ce akwai abin da buntun yake riƙewa daga ruwan rijiyar nan, wanda da cikinta zai shiga, ga shi ya shiga cikin agwagi. Yarinyar kuma yanzu babu buntu tsakaninta da rijiya.

Muka ɗauki yarinyar zuwa gidan likita. Ma'aikacin da muka tarar ɗan kudu ne, ba ya jin Dendanci, na yi musu tafinta da Faransanci. Ya ɗaga leɓen yarinyar ya nuna mana wani siririn layi mai launin toka a dasashinta. Ya tambaya ko akwai mai aikin dalma a gidan. Ya ce maganin da ke fitar da ita daga jini ba shi da shi, sai can kudu, kuma ko an samu banza ne idan yarinya ta koma inda ta ɗebo ciwon. Na gaya masa zancen buntu da agwagi. Ya ce shi bai karanta wannan ba, amma ya san ana ba wanda ya sha guba gawayi, don gawayi yana kama abubuwa. Ya ce kada mu dogara da gawayin kaɗai, dalmar tana cikin ƙura, tana hannun uban, tana rigarsa. Gwaggo ta ce in gaya masa ta gode, maganarsa ta yi daidai da ta agwagi.

A hanyar komawa ta ce in gaya wa wancan ya tashe ramin, ya rufe rijiyar.

Nan ne al'adarmu ta ɗaure mu. Uwar ba ta iya yi masa magana. Matarsa ba ta isa ta ce ya bar sana'ar da ta yi musu rufin kwano ba. Mahaifina, kawunsa, ya rasu. Saura ni, wanda tun haihuwa bai taɓa gaya masa wata magana ta gaske ba. Na same shi a bakin ramin, masunta suna zaune suna jira. Na faɗa masa komai, ban yi murmushi ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya ga masuntan.

"Kun ji ubangijina. Ya tahi Abijan ya tahi Makka, ya komo da karatun agwagwa."

Suka fashe da dariya. Na ce wallahi ba wasa nake ba. Ya ce ai duk ranar da na ce wallahi, ranar ce ƙaryar ta fi girma. Na koma washegari, na koma bayan Juma'a. Kullum da sabuwar ba'a yake tarbata, har ya sa mini Sarkin Agwagi. Amma na lura idan yana dariyar ba ya duban sashen matarsa, inda yarinyar take kwance. Daga baya na gane. Idan ya yarda rijiyar ce, to ya yarda ba mutanen ruwa ne suka ɗauki ɗansa ba. Wasan taubashi ya zame masa ɗakin ɓuya, ni kuma ba ni da mabuɗinsa.

Gwaggo ta riga ta ɗauke yarinyar ta mayar ɗakinta, ba ta nemi izinin kowa ba. Amma ƙura ba ta san danga ba, uwar kuma tana dafa abinci da ruwan rijiya. Wata safiya yarinyar ta ƙifta ido ta sanƙare na ɗan lokaci, irin yadda wanta ya fara.

Ina zaure na ga Gwaggo ta fito. Ta goya yarinyar, ta riƙo matacciyar agwagwa ta ƙafa. Ta bi ta gefen rijiya, ta zaga bayan gida zuwa wurin aikinsa, inda ba ta taɓa takawa ba tun da aka haƙa ramin. Na bi ta. Hantsi ne, hasken yana ratsa hayaƙin dalma, komai ya yi fari-fari kamar a mafarki. Masunta suna zaune, taubashina yana sunkuye a kan tukunya. Ta tsaya a gabansa, ta ajiye agwagwar a ƙasa, ta dube shi a fuska.

Ta kira sunansa.

Mai zuga ya saki zuga-zugi. Wani tsohon Basarke ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hula, kamar ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Taubashina ya ɗago a hankali, yana dube-dube, don bai san muryar da sunansa a cikinta ba.

"Ni ce, uwarka," in ji ta. "Wanda ya tahi, Allah ya karɓa, ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Wagga kuwa mun sani. Ka rufe rijiyar."

Ba ta ƙara ba. Ta juya da goyonta ta koma.

Ya daɗe a tsugune, dalmar ta daskare a tukunya. Masuntan suka sulale ɗaya-ɗaya. Can ya ce da ni, da wata murya da ban san shi da ita ba, in ara masa shebur. Ranar muka fara cike rijiyar, ni da shi, ba wanda ya tsokani wani. Da ƙasa ta kusa kai baki ya zauna a gefe ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne ɗansa.

Ya kwashe ƙasar ramin da amalanke ya kai can kan fako bayan gari, inda babu rijiya babu gona, nan ya mayar da aikinsa. Yakan bar rigar aiki a can, ya yi wanka kafin ya shigo gida. Bayan 'yan shekaru ya bar sana'ar gaba ɗaya ya koma dillancin albasa. Gwaggo ta tafi da yarinyar zuwa Madekali wurin ƙanwarta, suka yi damina a can.

Daga nan ne tukwanenta suka fita daga gida. Ba mu kaɗai ke fasa batir ba, akwai masu yi a Gaya, akwai a bayan tasha. Mata suka riƙa zuwa suna tambaya. Ta koya wa duk wadda ta zo, ba ta karɓi ko goro ba. Ta gwada ɓawon gyaɗa, ta gwada totuwar masara, ta ce duk suna yi amma buntu ya fi haƙuri, ga shi kuma tsibi-tsibi a bakin injin shinkafa, ana roƙon a kwashe. Abu biyu take nanatawa. Na farko, buntu yana ƙoshi, idan ya ƙoshi sai ya bar komai ya wuce, don haka a canja shi tun bai gaji ba. Na biyu, kada a ba shi dabba, kada a zuba a gona, kada a watsa a kogi. Ita da kanta takan ɗauki tsohon buntu a ƙwarya, ta tafi kan fako ta haƙa rami mai zurfi ta binne, ta dawo ta wanke hannu. Yara suna binta suna cewa Gwaggo za ta jana'iza. Ta ce eh, ai ya mutu ne a madadin wani.

Ta kuma yi faɗa da mata da yawa a kan wannan. Wata daga bayan tasha ta ce tunda tana da tukunya, mijinta ya ci gaba da narka dalma a tsakar gida. Gwaggo ta je ta ɗauke tukunyar da hannunta, ta ce ba ta koya wa kowa don a samu dalilin zama da guba ba.

Shekaru bayan haka, a jirgin ƙasa daga Paraku, na zauna kusa da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, na ba shi labarin. Ya ce gawayin buntu cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ƙarfen da ya narke a ruwa yana maƙalewa a jikinsu, kuma ba duka yake kamawa ba. Da na dawo na gaya mata. Ta ce ashe ramuka ne, ita da ta ɗauka hannuwa ne. Ta ji daɗin sanin, har ta sa na maimaita wa surukarta.

Yarinyar ta rayu. Maganarta ta dawo a hankali, ba duka ba. Ba ta yi nisa a lakwal ba, tana da jinkirin amsa, wanda baƙo zai ɗauka gadon kakarta ne. Ita ce budurwar da ta tsaya a bakin randa ranar makoki tana miƙa moɗa. Da layi ya zo kaina ta dube ni ta ce, "Baba Jaka, sha."

Gwaggo ba ta sake kiran sunan ɗanta ba. Washegarin ranar da ta kira shi ta koma ga bango da "a gaya wa wancan", haka har ta koma ga Allah. Da muka dawo daga maƙabarta, ni da shi muka zauna a kan tudun da rijiyar take a da, inda yanzu wata bishiyar darbejiya ta yi inuwa. Na so in tsokane shi don ya sami sauƙi, sai ya riga ni magana. Ya ce duk tsawon rayuwarsa ranar da ta ajiye agwagwa a gabansa kaɗai ya ji sunansa a bakinta, kuma har yau idan ya rufe ido yana jin sa, bai taɓa sanin sunan yana da daɗi haka ba. Daga ƙofar ɗakinta ɗigon yana zuwa mana, don jikar ta zuba sabon buntu tun da safe.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya shayar da ita daga ruwan da ba ya bukatar tacewa, ya ba mu haƙurin rashinta.

Rijiyar tana nan a cike da ƙasa. Tun daga ranar da ta kira sunan nan, ba a sake narka dalma a cikin gida ba a unguwarmu, kuma ba a sake shan ruwa don ya yi haske kawai ba.